Bitar kwana ɗaya ta isa ta kare mu daga Lassa?

Tambaya: Salam likita. Ni nas ce a wani ƙaramin asibiti a jihar Bauchi. An yi mana bitar kwana ɗaya kan zazzabin Lassa da Ebola, aka ba mu katan ɗaya na rigar kariya, yanzu haka yana sito a kulle. Dan Allah wannan ya isa? Gaskiya tsoro nake ji duk lokacin da rani ya shigo.

Amsa: Wa alaikumus salam Sista, Allah ya saka muku da alheri kan wannan aiki. Gaskiya bai isa ba, kuma tsoronki yana kan hanya, don Bauchi na cikin jihohin da Lassa ta fi kamari tare da Ondo da Edo da Taraba, kuma lokacin rani ne take tashi.

Abin da nake so ki fara riƙewa, ma'aikacin lafiya ba kasafai yake kamuwa a ɗakin killacewa ba, can kowa a ankare yake. Inda ake kamuwa shi ne wurin karɓar marasa lafiya da ɗakin haihuwa da tiyata, lokacin da kowa ke ɗaukan maleriya ce ko taifot. Haka cutar ta fara bayyana ma, a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ma'aikatan jinya ne ta fara kashewa, sannan a 1970 a Jos Dokta Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa, ta rasu. A Janairun 2020 a Kano likitoci biyu suka rasu bayan an yi wa wata mai juna biyu tiyata ba a san tana ɗauke da ita ba. Kin ga rigar da ke kulle a sito babu abin da za ta yi a irin wannan lokacin.

To shiri na gaske daga bakin ƙofa yake farawa. Duk wanda ya zo da zazzabi an ba shi maganin maleriya da na taifot kwana uku jiki bai sauka ba, ga ciwon maƙogwaro ga amai ko gudawa, ki sa Lassa a ranki, kar ki jira sai kin ga jini don da yawa ba sa zubar da jinin sam. A ware shi gefe ko da benci ɗaya ne da labule, ki sa safar hannu da takunkumi, ki kira jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumarku ko layin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, wato NCDC, 6232. Lambar nan a rubuta ta a bango. Abin da Dokta Stella Adadevoh ta yi kenan a Legas a Yulin 2014, ta yi zargin Ebola a jikin wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ta rasa ranta amma cutar ta tsaya a mutum 20, takwas suka rasu.

Sai batun rigar. Sakawa ba wuya, cirewa ce matsalar, don lokacin kin gaji kin jiƙe sharkaf da gumi, gilashin ido ya yi hazo, burinki kawai ki sha iska, nan ne hannu ke kaiwa fuska ba ki sani ba. Shi ya sa ba a cirewa mutum shi kaɗai, dole wani ya tsaya yana kallonki yana faɗa miki mataki bayan mataki, kina wanke hannu tsakanin kowane mataki. Ku roƙi shugaban asibiti ya fito da ko guda biyu na atisaye, ku shafa ɗan bula ko hoda a safar hannu a madadin jini, ku cire ku duba inda ya taɓa, wallahi za ki sha mamaki ki gan shi a wuya da gefen hijabi. Ku maimaita duk wata har hannu ya saba.

Kuma dan Allah kar a bar masu shara da masu wanki da direban motar asibiti a baya, su ke kwashe aman su ke wanke zanin gado, amma su ne ba a kira bita. A koya musu haɗa ruwan kulorin, mai ƙarfi kashi 0.5 cikin ɗari don wanke jini da amai da ƙasa, mai sauƙi kashi 0.05 cikin ɗari don wanke hannu in babu sabulu, kuma kullum sabo ake haɗawa don ƙarfinsa na raguwa. Allura kuma ba a mayar mata da murfi, kai tsaye cikin akwatin allurai.

In tsautsayi ya faɗa, allura ta soke ki ko jini ya fallatsa miki a ido, ki wanke nan take da ruwa mai yawa, da sabulu in fata ce, ki faɗa a ranar, kar kunya ko tsoron faɗa ya sa ki yi shiru. Za a sa miki ido kwana 21 ana auna zafin jikinki, in zazzabi ya taso a yi gwaji a fara magani da wuri. Har yanzu Lassa ba ta da allurar rigakafi da aka amince da ita, maganin ribavirin ake bai wa wanda ya kamu, shi ma a kwanakin farko ya fi amfani.