Tambaya da Amsa: Me yawan ambato ke nunawa game da masanin tattalin arziki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da tattalin arziki a nan Sakkwato, kuma ina haɗa takardun neman ƙarin girma. Google Scholar ya nuna an ambaci maƙaluna sau 140, amma a Scopus ko 20 ba su kai ba. Wanne ne gaskiya? Kuma mene ne wannan ma'aunin h da ake ta magana? Daga wani malami, Runjin Sambo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun gaskiya ne, sai dai ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Google Scholar komarsa babba ce, yana kwaso duk abin da ya ga ya yi kama da rubutun ilimi a intanet: kundin digiri, takardar taro, rahoto, har da maƙalar da ba a kammala ba. Shi kuwa Scopus, na kamfanin Elsevier, ba ya ƙirga ambato sai wanda ya fito daga mujallu da littattafan da ya tantance ya sa a jerinsa. Mujallunmu na gida da dama ba sa cikin jerin, don haka ko ɗalibai hamsin sun ambace ka a kundayensu, wannan ba zai bayyana a can ba. Akwai kuma RePEc, rumbun da masana tattalin arziki suka keɓe wa fanninsu tun 1997. Rajista kyauta ce, kuma ya kamata ka yi.

Ma'aunin h wani masanin kimiyyar fiziks ne, Jorge Hirsch, ya fito da shi a 2005. Ka jera maƙalunka daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa. A ce kana da goma, ambatonsu kuma 60, 35, 18, 9, 7, 6, 3, 1, 1, 0. Sai ka riƙa sauka kana duba ko ambato ya kai lambar layin. Ta shida tana da 6, ta kai. Ta bakwai tana da 3, ba ta kai ba. To h ɗinka 6 ne. Ka lura, ko ta farkon ta tashi daga 60 zuwa 600, h ba zai motsa ba.

Kafin ka miƙa takardu, ka tsabtace shafinka na Google Scholar. Matsalar da ta fi addabar mu 'yan Arewa ita ce suna: yau Muhammad, gobe Mohammed, jibi M. B., ga masu suna Bello da Abubakar ba iyaka. Na'ura takan raba mutum ɗaya gida uku, ko ta jibga masa maƙalun wani likita mai irin sunansa. Ka kashe sabuntawar da shafin ke yi da kansa, ka goge abin da ba naka ba, ka haɗe maƙalar da ta fito sau biyu, sannan ka buɗe ORCID, lamba mai gurbi 16 da za ta bi ka duk yadda aka rubuta sunanka. Batun wanne kwamiti zai karɓa kuwa, ka karanta ƙa'idojin ƙarin girma na makarantarku, kada ka dogara da ji-ta-ji-ta ta ɗakin malamai.

Tambaya: Ina digiri na biyu, ina rubutu kan dalilin talaucin wasu ƙasashe. An ce in dogara da maƙalun da aka fi ambata. Shin yawan ambato shaida ce ta inganci? Daga wata ɗaliba, Mabera.

Amsa: Malama, shaida ce cewa an karanta, an kuma ɗauki aikin da muhimmanci. Amma wanda ya ambace ka don ya yaba da wanda ya ambace ka don ya ƙaryata, duk ɗaya na'ura ke lissafa su.

Ɗauki aikin da ba makawa sai kin ci karo da shi. A 2001 Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson suka fitar da maƙala a mujallar American Economic Review. Hujjarsu ita ce inda Turawan mulkin mallaka suka riƙa mutuwa saboda cututtuka irin su zazzaɓin cizon sauro, ba su zauna ba, sai suka kafa tsarin kwasar dukiya. Inda suka iya zama kuwa, sun kafa dokokin kare dukiya da haƙƙi, kuma wannan bambanci ya bi ƙasashen har yau. An ambaci maƙalar sau dubbai, su ukun kuma sun sami kyautar Nobel a 2024. Duk da haka a 2012 David Albouy ya rubuta a wannan mujalla cewa cikin ƙasashe 64 da suka yi amfani da su, 36 an ara musu alƙaluman mace-mace ne daga wasu ƙasashe. Marubutan sun mayar da martani suna kare sakamakonsu. Idan kika kawo ta 2001 kika yi shiru kan sukar, mai jarrabawa da ya san fannin zai gane ba ki bi sawun muhawarar ba.

Akwai wanda ya fi wannan. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff suka ce idan bashin ƙasa ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa a shekara, bunƙasa takan durƙushe. 'Yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, tare da malamansa biyu, ya gano an tsallake ƙasashe biyar a lissafin Excel, ga wasu kurakuran. Da aka gyara, matsakaicin bunƙasar ƙasashen da bashinsu ya haura kashi 90 ya koma kashi 2.2 maimakon ƙasa da sifiri. Saboda haka duk maƙalar da za ki jingina da ita, ki danna wurin da ke nuna waɗanda suka ambace ta a Google Scholar, ki nemo masu suka, ki karanta aƙalla biyu.

Tambaya: Wata mujalla ta turo mini saƙo, wai in biya za ta buga maƙalata cikin sati biyu. In tura? Daga Arkilla.

Amsa: Kada ka tura, ɗan'uwa. A fannin tattalin arziki tantancewa kan ɗauki watanni, wani lokaci fiye da shekara. Ka duba sunan mujallar a jerin Scopus da kansa, ba a tambarin da ta manna a shafinta ba. Maƙalar da ta shiga mujallar bogi da wuya a ambace ta, kuma mujallar kirki ba za ta sake karɓarta ba.

Gara ka fara fitar da aikin a matsayin takardar gwaji, wato maƙalar da ba a kai ga bugawa a mujalla ba, a RePEc, ka gabatar da shi a taron Ƙungiyar Masana Tattalin Arziki ta Najeriya, ka gyara, sannan ka nufi irin su Journal of African Economies. Kuma ka yi amfani da abin da ke ƙofar gidanka. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, aka sake buɗe ta Illela a Disamban 2020. Wanda ya tattara farashin gero da albasa da shanu mako-mako a kasuwannin kusa da iyaka da na nesa da ita, kafin rufewa da bayanta, ya kuma saka alƙaluman inda kowa zai iya saukewa, duk mai son rubutu kan wannan rufewa zai buƙaci ya bi ta kansa.