Zuwa ga ƙanwata a Birni, kan idonki da jarrabawa a Faransa

Ƙanwata, saƙonki ya iso, ina gaida su Inna da mutanen Damagaram. Kin ce kin gama lisansi a Jami'ar André Salifou, kina son ƙaro karatu a nan Faransa, amma ganinki ya yi rauni, ko za a ɗauke miki jarrabawa?

Ɗaukewa ɗungurungum kam, kada ki sa rai. Akan yafe wani sashe idan lalurar ta hana yin sa ƙwata-ƙwata, amma tambayar da za a yi wa kowa ita za a yi miki. Abin da dokar Faransa ta 11 ga Fabrairu 2005 ta tanadar wa masu buƙata ta musamman shi ne sauƙin zaman jarrabawa. Mafi shahara shi ne wanda ɗalibai ke kira tiers-temps, wato ƙarin sulusin lokaci: jarrabawar awa 3 ta zama awa 4. Ana buga takarda da manyan haruffa ko da rubutun makafi, a ba ki kwamfuta ko ɗaki daban, ko a zaunar da sakatare ya karanta miki ya rubuta abin da kika faɗa, ba ya ƙara ko wasali. Har ana iya raba jarrabawoyin zuwa zama fiye da ɗaya.

Sai dai ba a ba wanda bai nema ba, kuma nan ne mutanenmu ke faɗuwa. Na san wani yaron gida da kunya ta hana shi faɗin cewa kunnensa ba ya ji sosai, wai kada a ce ya zo roƙo. Zangon farko ya tafi a banza, abin har yau yana min ciwo. Haƙƙinki ne, ba sadaka ba.

Tun kina gida, ki je wurin likitan ido ya rubuta miki cikakken bayani da Faransanci: sunan ciwon, awon ganin kowane ido, kwanan wata da hatimi. Makon da kika yi rajista ki nemi ofishin naƙasassu na jami'ar. Su za su tura ki wurin likitan ɗalibai, ya ba da shawararsa, shugaban jami'a ya yanke. Takardu a ƙasar nan tafiyar hawainiya suke yi, wanda ya jira Disamba ya makara.

Ki turo min hoton takardar likitan kafin ki biya kuɗin komai, in duba ko ta cika.