Tambaya da Amsa: Wa ya kai wa ƙauye kallon fim?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Kakana yakan ce tun yana yaro ya kalli fim a garinmu, alhali a lokacin ko wutar lantarki babu. Shin akwai kamfanin da ya riƙa gina silima a ƙananan garuruwa ne a da?
Daga wani mai karatu, yankin Ringim, Jihar Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Tsoho bai yi maka ƙari ba. Sai dai abin da ya kalla majigi ne, wato fim ɗin da ake yawo da shi a mota gari-gari, kuma majigi ba na 'yan kasuwa ba ne, na hukuma ne.

Masu gidajen silima, waɗanda yawancinsu Kwarori ne 'yan Labanan, birni suka tsaya. A Kano an buɗe Rex a 1937, a wajen ganuwa. A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, abin da ya ƙara wa jama'a ƙyamar gidan silima. Da aka buɗe Palace cikin birni a 1952, har jifan masu shiga aka yi. To wanda yake fama da wannan a Kano, ina zai kwashi jarinsa ya kai ƙauye? Ga hayar faifan fim, ga inji, ga mai, kuma manomi ba ya ganin kuɗi sai kaka, in an sayar da gyaɗa.

Shi kuwa majigi, Turawan mulki ne suka kawo shi. A 1939 Ingila ta kafa sashen yin fina-finai don ƙasashen da take mulka, daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin. Ni na riski ƙarshensa a garinmu. Tun da la'asar mota za ta iso, sankira ya zaga ya yi shela. Bayan isha'i a kafa farin allo a ƙofar gidan hakimi, a tayar da inji, yara a gaba a ƙasa, manya a baya, mata can gefe. Ba a biyan ko sisi. Abin da ake nunawa bai wuce tsabtar rijiya, rigakafi, noman auduga da gyaɗa, da rangadin Sardauna ba. Gwarzon daren shi ne mai fassara. Da lasifikarsa yake zuba bayani da Hausa, yana sa gishiri yadda ya ga dama, wani sa'in dariyar da yake ba mu ta fi fim ɗin daɗi. Wa'azin gwamnati ne dai, kowa ya sani, amma babu wanda yake tashi sai an kashe inji.

Mai son fim ɗin Indiya kuwa dole ya shiga mota zuwa silimar Plaza ko Marhaba a Kano, ya dawo ya yi mako yana ba da labari a dandali.

A ganina, waɗanda suka yi wa ƙauye aikin da kake tambaya a kai su ne masu gidan kallo. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, sayo faifan fim daga waje ya yi tsada, manyan silimu suka fara durƙushewa, kaset ɗin bidiyo ya samu kasuwa. Daga 1990 fina-finan Hausa na Kano suka biyo baya. Saurayi zai sayi talabijin da bidiyo da ƙaramin janareta, ya kewaye fili da zana, ya jera benci, ya tsaya bakin ƙofa yana karɓar kuɗi. Iyaye da malamai sun yi ta ƙorafi kan yara masu gudun makarantar dare, kuma ƙorafin nasu yana kan hanya. A 2001 Kano ta kafa hukumar tace fina-finai, wadda ikonta ya haɗa da irin waɗannan wurare.

Yau yawancin gidajen kallon ƙwallon Turai suke nunawa. Fim kuma ya koma shagon mai caji, inda ake tura maka shi a waya ran kasuwa.