Tambaya da Amsa: Furen Begoniya a Inuwa da Cikin Tukunya

Tambaya: Assalamu alaikum. Sau biyu ina sayen begoniya a tukunya, duk ba su yi wata guda ba suka mutu. Ina ba su ruwa safe da yamma saboda zafi, amma sai ganyen ya yi yaushi, gindin ya yi baƙi, ta kife. Zafin ne ya yi musu yawa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zafi na da nasa laifin, amma abin da kika kwatanta aikin ruwa ne. Karan begoniya da ganyenta suna riƙe ruwa, saiwoyinta kuwa sirara ne kamar zare, kuma suna buƙatar iska. In ƙasa ta kwana jiƙe ta wuni jiƙe, sai su shaƙe su ruɓe. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, shi ya sa ganye ke yaushi alhali tukunya na jiƙe sharkaf. Mai furen ya ga yaushi, ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ruwa, shi ke nan an gama da ita.

Kafin ki zuba ruwa, ki tura yatsa cikin ƙasar kamar santimita 2 zuwa 3. In kin ji laima, ki bari sai gobe. In ta bushe, ki zuba a gindi har ya fito ta ƙasan tukunya, ki zubar da wanda ya taru a farantin da ke ƙarƙashi. Da safe ake yi, kuma ba a jiƙa ganye.

Ki duba ƙasar ma. Ƙasar lambu zalla tana dunƙulewa a tukunya ta zama kamar tubali. Haɗin da ke aiki shi ne kashi 2 na zaren kwakwa, kashi 1 na takin ganye da ya ruɓe sosai, da kashi 1 na yashi mai tsakuwa ko ƙaiƙayin shinkafa. In kin damƙi haɗin da ɗan ruwa kika saki, ya kamata ya wargaje, ba ya tsaya curi ba. Dole tukunya ta kasance da rami a gindi, kuma kada faɗinta ya wuce na curin saiwar da fiye da santimita 3 zuwa 5, domin babbar tukunya na riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba. Jera duwatsu a gindin tukunya da mutane ke yi ba ya taimaka wa ruwa fita. Guntun tsingaro ɗaya a bakin ramin ya wadatar. Tukunyar yumbu ta fi ta roba yafe wa mai yawan ban ruwa, don tana tsotse laima ta jikinta.

In kin ga wata begoniya ta fara yaushi alhali ƙasarta na jiƙe, ki zare ta daga tukunya. Saiwa mai lafiya fara ce, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce mai santsi da wari. In ruɓa ta kai kara, kada ki wahalar da kanki, ki yanke kan reshen da bai kamu ba ki dasa.

Tambaya: Wace iri ce ke jure zafi? Na ga hoton wasu masu manyan furanni kamar wardi, su nake so.

Amsa: Malam, waɗannan ɗin ne za mu ce ka haƙura da su. Su ne masu curin saiwa irin na dankali, kakanninsu daga tsaunukan Andis na Kudancin Amurka suke, inda dare ke da sanyi. Da zarar zafi ya zarce digiri 30 kuma dare bai huce ba, sai su zubar da furen tun bai buɗe ba.

Dangin begoniya sun kai kusan iri 2,000, don haka akwai zaɓi. Mai ganye mai sheƙi kamar an shafa masa kakin zuma, wadda ake kira semperflorens, ita ta fi sauƙin sha'ani, kuma mai ganye ja-ja ta fi mai kore jure rana. Masu dogon kara mai gaɓoɓi kamar gora, irin su Begonia maculata ta ƙasar Birazil mai fararen ɗigo a ganye, suna son ɗumi kuma suna daɗewa. Haka ma irin begoniyar da ake kira Dragon Wing. Ita kuwa rex, wadda asalinta arewa maso gabashin Indiya ne, don adon ganyenta ake shuka ta, sai dai iska mai bushewa na ƙona mata gefen ganye.

Tambaya: Na dasa su a ƙarƙashin wata babbar bishiya. Sun yi tsawo sirara, ba fure ko ɗaya.

Amsa: Inuwa suke so, ba duhu ba. Miƙewar nan neman haske ce. Ki mayar da su inda za su sami ranar safe ta awa 2 zuwa 3, su fake kafin hantsi ya yi zafi, ko ki sassabe rassan bishiyar haske ya riƙa ratsowa. Ga kuma saiwar bishiya da ke kwashe ruwa da taki, don haka ajiye su a tukwane a gindinta ya fi dasa su a ƙasa. Ki tsinke kan kowane reshe don ya fitar da sababbin rassa, ki riƙa ba su takin ruwa duk mako biyu, rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba. Taki mai yawan sinadarin naitirojin ganye kawai yake sa su yi.

Tambaya: Wani farin abu kamar gari ya rufe ganyen. Ƙwari ne?

Amsa: In a shimfiɗe yake kamar an barbaɗa toka, fumfuna ce, kuma cunkoso da rashin iska ke jawo ta. A cire ganyen da ya kamu a zubar nesa, a bar tazarar santimita 20 zuwa 30 tsakanin tsirrai. In kuwa dunƙule yake kamar auduga a mahaɗar ganye da kara, ƙwari ne masu tsotse ruwan tsiro. A tsoma auduga a sifirit a goge su ɗaya bayan ɗaya, a maimaita bayan mako guda.

Tambaya: Yaya ake yaɗa ta? Da iri ake shukawa?

Amsa: Irin begoniya kamar ƙura yake, ba a ma rufe shi da ƙasa don sai da haske yake tsira. Reshe ya fi sauƙi. Ka yanki santimita 8 zuwa 10 da reza mai tsabta, daidai ƙarƙashin gaɓa, ka cire fure da ganyen ƙasa ka bar biyu a sama. Ka soka shi a haɗin ƙasa mai ɗan laima, gaɓa ɗaya a binne, ka ajiye a inuwa mai haske. Cikin mako 3 zuwa 4 zai yi saiwa. In ka ja shi a hankali ka ji ya riƙe, ya kama.

Rex kuwa ganye ɗaya ya ishe ka. Ka kifa shi, ka tsaga manyan jijiyoyin bayansa wuri huɗu ko biyar, ka juya shi ka kwantar da shi kan ƙasa mai laima, bayansa na taɓa ƙasar, ka danne da ƙananan tsakuwa, ka rufe da leda mai 'yan huji. Bayan mako 6 zuwa 8 za ka ga ƙananan tsirrai na leƙowa daga inda ka tsaga. Ka ajiye tukwanen inda kyanwa ko kare ba za su tauna ba, domin akwai sinadari a jikinta, musamman a saiwa, da ke sa musu ƙaiƙayin baki da amai.