Sabarmu na daskarewa, ta yaya zan ga abin da kernel ke yi da RAM?

Tambaya: Malam, muna da ƙaramar saba mai Linux a shagonmu na Computer Village, Ikeja. Da ciniki ya kankama da rana, sai manhajar lissafinmu ta tsaya cak na 'yan daƙiƙu. Umarnin free, mai nuna yawan RAM da ake amfani da shi, na nuna RAM ya kusa cika. Ta yaya zan bi sawun abin da ke faruwa? Daga mai karatu a Agege.

Amsa: Ɗan'uwa, cikar da free ke nunawa kada ta tayar maka da hankali. Linux kan ajiye fayilolin da aka karanta a RAM ɗin da ke zaune banza, ya sake shi idan buƙata ta taso. Adadin da ke ƙarƙashin available shi ne abin dubawa.

Daskarewar ita ce abin bincike. Kernel, wato zuciyar Linux mai rarraba kayan aikin kwamfuta ga manhajoji, na raba RAM shafi-shafi, kowanne bayit 4096 a kwamfutocin x86. Idan shafukan da ba kowa a kai suka ragu, kswapd, wani ɓangaren kernel mai aikin samar da wuri, kan farka a bayan fage ya ƙwato wasu. In ya kasa cim ma buƙata, manhajar da ta nemi wuri ita ake tsayarwa ta yi ƙwaton da kanta. Nan nake zargin taku ke maƙalewa.

Ba sai ka sayi komai ba, domin ftrace, kayan bin sawun ayyukan kernel, na cikin kernel tun sigar 2.6.27 ta 2008. Shiga /sys/kernel/tracing a matsayin root (mai cikakken iko a kan sabar), ka rubuta 1 cikin events/vmscan/mm_vmscan_direct_reclaim_begin/enable, haka ma takwaransa mai ƙarewa da end, domin kunna rikodin farawa da gamawar ƙwaton da manhaja ke yi da kanta, sannan ka karanta fayil ɗin trace_pipe daidai lokacin da abin ke faruwa. Kowane layi zai ba ka sunan manhaja, lambarta, da lokaci. Tazarar da ke tsakanin farawa da gamawa ita ce jiran da masu sayayya ke yi a gaban kanta.

Don Allah kada ka kunna rukunin kmem (mai rikodin duk rabon RAM da kernel ke yi) gaba ɗaya, kamar yadda masu koyo ke yi. Su kmalloc da mm_page_alloc da ke cikinsa na aukuwa dubbai a daƙiƙa guda, ma'ajiyar bayanan ta cika, sabo ya shafe tsoho, sabar ma ta ƙara nauyi. Sai umarnin slabtop, mai nuna RAM ɗin da kernel kansa ke riƙewa, ya nuna wani ɓangare na kumbura ba ya sauka, sannan ka kunna su na 'yan daƙiƙu da trace-cmd, umarnin sarrafa ftrace.

Idan kernel ɗinka 4.20 ne ko sama, leƙa /proc/pressure/memory, mai nuna yawan lokacin da manhajoji ke ɓatawa suna jiran RAM. Duba dmesg kuma, wato saƙonnin kernel, ka ga ko an taɓa kashe wata manhaja saboda ƙarancin RAM. In tazarar da ka gani a trace_pipe ta yi tsawo, rage kason RAM da rumbun bayananku ke riƙewa kafin ka sauka kasuwa neman ƙarin RAM. Da ka gama, mayar da 1 ɗin da ka rubuta a fayilolin enable 0.