Amsa: Shafi yana tsalle a Chrome

Malam, ka ce shafi yana tsalle sama da ƙasa idan kana sauka a Chrome. Ni linzamin kwamfutar (mouse) nake fara zargi. Ƙurar hunturun nan ta Kano tana shiga cikin tayarsa, ka murza ƙasa shafin ya koma sama. Gwada sauka da maɓallan kibiya. Idan ya tafi lafiya, linzamin ne, a hure shi ko ka sayi sabo a kasuwar Farm Centre.

In bai daina ba, danna Ctrl+Shift+N ka buɗe shafin a tagar sirri (Incognito), inda ƙananan manhajojin da ka ɗora wa Chrome (extensions) ba sa aiki sai waɗanda ka ba izini. Ya daidaita? Cire su ɗaya bayan ɗaya har ka gano mai laifin. Idan kuma intanet ce ke jan ƙafa, hotuna da talla kan makara su ture rubutu, sai ka bari shafin ya gama buɗewa tukuna.