Tambayoyin Masu Karatu: Magana da Harsuna a Cikin Sujada

Tambaya: Malam, barka da aiki. A majami'armu, idan aka shiga addu'a, mutane da yawa sukan ɗaga murya lokaci guda da harsunan da ban sani ba, kuma babu mai fassarawa. Nakan tsaya shiru, har nakan ji kamar ni ce ba ni da Ruhu Mai Tsarki. Shin haka Littafi Mai Tsarki ya tsara? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, domin Manzo Bulus da kansa ya nuna a 1 Korintiyawa 12:30 cewa ba kowane mai bi aka ba baiwar magana da harsuna ba, kamar yadda ba kowa aka ba baiwar warkarwa ba.

Game da fassara kuwa, ya kamata a bambanta wurare biyu. A ranar Fentikos, kamar yadda Ayyukan Manzanni sura 2 ta bayyana, ba a nemi tafinta ba, domin baƙin da suka taru a Urushalima daga Masar, Roma da sauran ƙasashe kowa ya ji ana yabon Allah da harshen da aka haife shi a ciki. A Korinti kuwa abin ya sha bamban: ana magana, jama'a ba sa fahimta. Shi ya sa Bulus ya kafa ƙa'ida a 1 Korintiyawa sura 14, aya 27 da 28, cewa masu magana su zama biyu, ko uku idan sun yi yawa, su yi bi da bi, wani kuma ya fassara; idan babu mai fassara, mutum ya yi shiru a taro, ya yi magana tsakaninsa da Allah.

Hujjar da ta fi kama hankalina ita ce ta aya 16: ta yaya wanda bai fahimci addu'a ba zai ce amin? Wannan shi ne ainihin halin da kike ciki. Bulus bai raina baiwar ba, hasali ma ya ce ya fi su duka magana da harsuna, amma duk da haka ya gwammace ya faɗi kalmomi biyar da za su koyar da wasu a kan kalmomi dubu goma da babu mai ganewa. Ya kuma yi gargaɗi cewa baƙo zai iya ɗaukar masu taron a matsayin mahaukata.

Ikkilisiyoyi sun sha bamban a nan. Wasu suna ganin baiwar ta ƙare da zamanin manzanni, yayin da 'yan Fentikostal, waɗanda farkawar titin Azusa ta 1906 a Amurka ta yaɗa tafiyarsu, suke cewa addu'ar da kowa yake yi wa Allah daban take da saƙon da ake yi wa jama'a, don haka ba ta bukatar fassara. A ganina wannan bayani bai warware aya 28 ba, ko da yake aya 39 ta hana a haramta harsunan gaba ɗaya. Ki sami fastonku a keɓe, cikin ladabi, ku karanta surar tare, ki tambaye shi yadda ya fahimci waɗannan ayoyi biyu.